Hasken Gari, Duhun Ƙauye: Wa Ke Bin Wani Bashi?

Ya kai mai karatu, in ka danna makunni ɗakinka ya haskaka, ka taɓa tambayar kanka ko gonar wa aka nutsar kafin hasken nan ya iso gare ka?

Mu ɗauki Kurra, a ƙasar Barikin Ladi ta Jihar Filato. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya riƙa tare ruwa da ƙananan madatsu yana samar da lantarki. Dabarar ba wuya: a tara ƙasa a danƙare ta a bakin kwari, ruwan damina ya taru ya zama tafki, a sako shi ta bututu ya gangaro da ƙarfi ya juya inji. To, amma don wa aka yi aikin? Don ma'aikatun haƙar kuza na Turawa ne tun farko, ba don manoman da ke kewaye ba.

Wani zai ce ai amfanin jama'a ya fi na mutum ɗaya, in gona goma ta nutse gari guda ya haskaka, an ci riba. Lalle akwai gaskiya a ciki, don asibiti da makaranta ba sa tafiya a duhu. Sai dai lissafin nan ya mance abu guda: wanda ya yi hasara daban, wanda ya ci riba daban. Ba adalci ba ne in yi kyauta da rigar maƙwabcina, a kuma yabe ni da karimci.

Manyan madatsu sun nuna mana haka. Tafkin Kainji, da aka gama a 1968, ya haɗiye tsohon garin Bussa. A Bakolori kuwa, a 1980, manoma sun rasa rayukansu wajen neman diyyar gonakinsu. Falalar ƙaramar madatsa ita ce waɗanda ta tasa ƙidayuwa gare su, an san su da sunayensu, ba mai fakewa da cewa sun yi yawa.

A ganina, diyyar kuɗi kaɗai ba ta isa ba, don kuɗi na ƙarewa, gona kuwa gado ce. A shawarce su kafin a sa magirbi, a ba su wata ƙasar noma, kuma waya ta fara sauka a ƙauyensu kafin ta wuce birni. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mu da ke karatu a ƙarƙashin ƙwan lantarki, mun ci ladan. Allah Ya ba mu ikon biya, amin.