Hukuncin wanda ya ci dukiyar da aka damƙa masa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Tambaya ce da almajirai kan yi idan karatun Risala ya kai babin haddi: me ya sa wanda ya fasa shago da dare ya cancanci yanke hannu, amma ma'ajin da ya cinye miliyoyin da aka ba shi ajiya ba a yanke nasa? Amsar tana cikin ma'anar sata a wurin malaman fiƙihu. Ɓarawo shi ne baligi mai hankali da ya ɗauki dukiyar wani a ɓoye, ya fitar da ita daga ma'ajinta, kuma ta kai nisabi, wato rubu'in dinari na zinariya ko dirhami 3 na azurfa a mazhabar Imamu Malik. Shi kuwa amintacce bai keta ma'aji ba, makullin ma a hannunsa aka sa. Don haka sunansa maha'inci, hukuncinsa kuma ta'aziri ne: alƙali ya duba girman ɓarnar, ya tsare shi, ko ya tuɓe shi daga muƙami, sannan ya tilasta masa biyan abin da ya ci. Amma wanda ba a ba amana ba, ya shiga baitulmali ya sata, Malikiyya sun tafi a kan a yanke, ko da yake wasu mazhabobin sun ɗauke masa haddi saboda shubuhar cewa yana da rabo a ciki.

Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961, ita ma ta rarrabe. Sata daban, cin amanar abin da mai shi ya miƙa da hannunsa daban, karkatar da dukiyar ƙasa da ma'aikaci ke yi kuma daban, kowanne da nasa kaso da tara.

A nan ne shaiɗan ke samun ƙofa. Mutum ya ji an ce babu haddi a kansa, sai ya ɗauka laifin ƙarami ne. Alhali haddi tsarki ne ga wanda aka tsayar wa; maha'incin da ya tsere wa alƙali kuwa da kayansa zai tashi. Aya ta 161 cikin Suratu Ali Imrana ta tabbatar cewa wanda ya yi gululu zai zo ranar alƙiyama da abin da ya ɓoye. A shekara ta 7 bayan hijira, bayan buɗe Haibara, kibiya ta sami wani bawa mai suna Mid'amu yana sauke sirdin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a Wadil Ƙura. Mutane suka yi masa barka da Aljanna. Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda, ga mai hidimar Annabi da hannunsa. Jin haka wani mutum ya taso ya kawo igiyar takalmi da ya ɓoye.

Haka Ibnul Lutbiyya, da aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kashi a kan cewa kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Abin da ake kira goro ko alheri a ofisoshi, idan kujerar ce ta jawo shi, hukuncinsa ke nan.

Ɗan'uwa mai riƙe da kuɗin ginin zawiya, ko gudummawar Maulidi, ko adashin mata, shi maganar ta fi shafa, domin ƴan'uwa ba su cika neman takarda daga wanda suke zaman wazifa da shi ba. Yawanci abin daga rance yake farawa: jikka biyar yau, da niyyar mayarwa in albashi ya fito, har a wayi gari lissafi ya ɓace. Istigfari ɗari da safe, ɗari da marece, yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutane sai an mayar ko masu shi sun yafe. Kuɗin jama'a kuwa ba wani mutum guda da ya isa ya yafe shi, ko da muƙaddami ne.

Wanda ya san adadin, ya mayar da shi asusun da ya fito, kuma ba dole ne ya tona kansa ba, yana iya aikawa ta hannun wani amintacce. Wanda lissafi ya rikice masa, ya ƙiyasta har zuciyarsa ta natsu cewa bai rage ba. Idan mai dukiyar ya rasu, magadansa ake ba. Sai an nema an rasa su ake sadaka da ita da niyyar ladan ya je ga mai ita. Wanda ba shi da halin biya yanzu, ya rubuta bashin, ya kafa shaidu biyu, domin a fitar da shi daga dukiyarsa kafin rabon gado.