Mutumin Kirki Ƙarƙashin Muguwar Tuta

A kakar shekarar 1937, lokacin da jiragen yaƙin Japan ke yi wa Nanjing ruwan bama-bamai, wani Bajamushe mai suna John Rabe ya shimfiɗa wata ƙatuwar tuta a farfajiyar gidansa. Tutar jam'iyyar Nazi ce, mai lanƙwasasshen tambarin nan na Hitila. Dabararsa ita ce matuƙan jiragen su hango ta daga sama su kauce, tunda Jamus da Japan suna ɗasawa a lokacin. Talakawan unguwa suka riƙa kawo shimfiɗunsu suna kwana ƙarƙashinta, don a ganinsu duk birnin babu inda ya fi nan aminci. Tambarin da daga baya aka hallaka Yahudawa miliyan 6 a ƙarƙashinsa, shi ne ya zama inuwar mata da yara a babban birnin ƙasar Sin na wancan zamani.

Wannan al'amari yana tayar da tsohuwar tambayar da malamai da masu hikima suka daɗe suna juyawa: da me ake auna mutum? Da tutar da ya bi, da abin da ke zuciyarsa, ko da abin da hannunsa ya aikata ranar da aka shiga uku?

Rabe ba baƙo ba ne a Sin. Ya kusa shekara 30 a ƙasar, yana wakiltar kamfanin Siemens, kuma ɗan jam'iyyar Nazi ne mai katin shaida. Da sojojin Japan suka ci Shanghai suka doso Nanjing, gwamnatin Sin ta Chiang Kai-shek ta kwashe ta yi yamma, masu hali suka bi ta, aka bar waɗanda ba su da kuɗin jirgin ruwa. Turawa 'yan ƙalilan, yawancinsu 'yan mishan da malaman jami'a Amurkawa, suka ƙi tafiya. Suka shata wani yanki da bai kai murabba'in kilomita 4 ba suka kira shi tudun mun tsira, suka kafa kwamiti suka ɗora Rabe a kan shugabancinsa, da tunanin cewa Japanawa za su ji nauyin ɗan ƙasar abokiyarsu.

Birnin ya faɗi ranar 13 ga Disamba. Abin da ya biyo baya na tsawon mako shida, kisa ne da fyaɗe da ƙone-ƙone. Kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ce an kashe sama da mutum 200,000. Gwamnatin Sin tana cewa 300,000. Mutum 200,000 ko fiye suka cunkushe a cikin wannan ɗan yanki. A gidan Rabe kaɗai sama da 600 ne suka tare. Yakan fita da mota cikin gari, idan ya iske soja ya danne mace sai ya daka masa tsawa, ya tura masa ƙyallen Nazi da ke ɗaure a damtsensa a fuska, sojan ya tashi ya gudu. Sau da yawa iyakar makaminsa ke nan.

Mai son sauƙin hukunci zai ce ai Rabe ba Nazi na gaske ba ne, sunan kawai ya ɗauka. Tarihi bai yarda da wannan ba. Mutumin ya amince da Hitila har zuciyarsa. Kafin birnin ya faɗi ya aika masa da telegiram yana roƙon ya sa baki, ba a ba shi amsa ba. Da ya koma Jamus a 1938 ya yi ta lacca a kan abin da ya gani, yana nuna fim ɗin da wani limamin coci Ba'amurke, John Magee, ya ɗauka a ɓoye, ya kuma sake rubuta wa Hitila, yana zaton da shugaban ya sani zai tsawata. Amsar da ya samu ita ce 'yan sandan asiri na Gestapo, waɗanda suka tsare shi suka yi masa tambayoyi suka hana shi sake buɗe baki. Wato ya yi kuskure babba wajen gane wanda yake bi, bai kuwa yi kuskure ba wajen gane wanda ake zalunta a ƙofar gidansa. Duka biyun nasa ne, kuma babu adalci a share ɗaya don a ji daɗin ɗayan.

Ko kyakkyawar niyyar ma ba ta fita lami lafiya ba. Ranar da birnin ya faɗi, sojojin Sin da kwamandansu Tang Shengzhi ya tsere ya bari suka kwararo yankin tudun mun tsira. Rabe da abokansa suka lallashe su su ajiye bindiga, suna cewa Japanawa za su mutunta dokar fursunan yaƙi. Suka ajiye. Bayan kwana biyu aka zo aka ɗaure sama da mutum dubu daga cikinsu, aka kora su aka harbe. Waɗanda suka ba da shawarar suna tsaye suna kallo. Musulmi ya san cewa ana duba aiki da niyyar mai shi, kuma wannan rahama ce babba ga ɗan Adam da bai san gaibu ba. Amma niyya ba ta dawo da wanda aka harbe, kuma waɗannan mutane ba su yi amfani da ita suka wanke kansu ba. Sun rubuta nadamarsu da hannunsu.

Wadda nauyin ya fi danne wa ita ce Minnie Vautrin, Ba'amurkiya 'yar mishan da ke riƙe da kwalejin mata ta Ginling. Ta buɗe ƙofa har mata da yara kusan 10,000 suka cika ajujuwa da matakala da fili. Tana tsaye a bakin ƙofa dare da rana, soja ya taɓa marinta. Ana jajibirin Kirsimeti hafsoshin Japan suka zo suna neman a ba su karuwai daga cikin masu gudun hijira, wai don a bar sauran mata su huta. Ta bar su suka duba, suka tafi da mata 21. Da ta ƙi, me zai faru da dubban da suka rage? Da ta yarda, wa ya tabbatar mata su wane ne aka ɗauka? Irin wannan zaɓi ba ya barin mutum da hannu mai tsabta ko ta ina ya juya. A 1940 lafiyar ƙwaƙwalwarta ta karye, aka mayar da ita Amurka, kuma a watan Mayu na 1941 ta kashe kanta tana ganin ta gaza. Matan da ta ceta kuwa suna kiran ta Guanyin, sunan da mabiya Buddha a Sin ke ba uwar jinƙai a aƙidarsu.

A nan ne labarin ya yi wani juyi mai sa mutum ya yi shiru. Janar Matsui Iwane, babban kwamandan rundunar da ta ci Nanjing, shi ma mai ibada ne ga wannan Guanyin ɗin, wadda Japanawa ke kira Kannon. Da ya koma gida ya sa aka gina mata mutum-mutumi a garin Atami a 1940, aka kwaɓa yumɓun da ƙasar da aka ɗebo daga fagagen yaƙi na Sin, ya riƙa zuwa yana addu'a ga mamatan ɓangarorin biyu. Ga alama juyayinsa na gaske ne. Sai dai jinƙan ya zo bayan an gama binne mutane. Lokacin da yake da ikon hanawa bai hana ba, kuma a kan wannan sakacin kotun Tokyo ta yanke masa hukunci, aka rataye shi a Disamban 1948. Mai muguwar tuta ya tsaya a ƙofa ranar da ake bukatarsa, mai alamar jinƙai ya makara. Idan aka tambayi wata uwa da ta kwana a farfajiyar Rabe wanne ta zaɓa, ba za ta yi dogon tunani ba, kuma shaidarta tana da nauyin da ta mai nazari daga nesa ba ta da shi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba. Wata ƙungiyar agaji ta 'yan Sin, mai amfani da jan tambari irin wancan lanƙwasasshen amma da tsohuwar ma'anarsa ta alheri a Asiya, ta binne gawa sama da 40,000. Musulmin birnin, 'yan ƙabilar Hui, su ma sun haɗa tawagarsu da limamansu suna bi suna ɗauko nasu su yi musu sutura, a garin da fitowa titi kan iya zama ajali. Farillar da idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, su suka ɗauke ta.

Hukuncin lahira na Rabe ba ya hannun kowa a cikinmu, kuma mai hankali ba ya kutsa kai can. Abin da ke hannun mutane shi ne godiya, kuma mutanen Nanjing sun biya tasu. Bayan yaƙi an kore shi daga aiki saboda katin jam'iyyarsa, ya sha zaman kotun wanke 'yan Nazi, shi da iyalinsa suna fama da yunwa a Berlin da ta zama kufai. A 1948 labari ya kai Nanjing. Mutanen da su kansu ke cikin yaƙin basasa da tsadar rayuwa suka yi karo-karo, magajin garin ya sayi abinci aka aika masa, daga nan ƙunshin abinci ya riƙa isa gidansa wata-wata har 'yan gurguzu suka karɓi birnin a 1949. Ya rasu ranar 5 ga Janairun 1950. Littafin da yake rubuta abubuwan da ya gani kullum ya zauna a hannun iyalinsa har 1996 kafin duniya ta gan shi, kuma shekara guda bayan haka aka ɗauko dutsen kabarinsa daga Berlin aka kai shi Nanjing.