Shaidar Uwa da Hukuncin Likita

A zauren shari'a akwai mutum biyu da ba a haɗa aikinsu wuri ɗaya: mai shaida da alƙali. Mai shaida ya ga abin da ya faru, amma ba shi ke yanke magana ba. Alƙali ke yanke magana, alhali bai ga komai da idonsa ba. Idan alƙali ya toshe kunnensa daga shaida ya yi zalunci, idan kuma mai shaida ya haye kujerar alƙali shari'a ta lalace. A ganina ɗakin likita ma irin wannan zaure ne, musamman idan marar lafiyar yaro ne wanda uwarsa ce bakinsa. Tambayar da nake son bi a wannan maƙala ita ce: idan uwa ta ce ɗanta ba shi da lafiya, likita ya duba ya ce bai ga komai ba, wane haƙƙi kowannensu ke bin ɗan'uwansa? Na zaɓi tarihin cutar Lyme domin a cikinsa an ga ranar da uwa ta yi gaskiya likitoci suka kauce, an kuma ga ranar da ƙaunar iyaye ta kai 'ya'yansu ga cutarwa.

Lyme ƙaramin gari ne a jihar Connecticut da ke arewa maso gabashin Amurka, dazuzzuka sun kewaye shi. A can wata mata mai sana'ar zane, Polly Murray, ta shafe shekaru tana fama da ciwon gaɓɓai, zazzaɓi da ƙuraje, sannan ta ga irin wannan ciwo ya bi mijinta da 'ya'yanta. Ta zaga wurin likitoci da dama ba ta samu amsa ba, har wasu suka ɗauka damuwa ce kawai ke damunta. Da gwiwoyin yara suka fara kumbura, aka ce amosanin gaɓɓai ne na ƙuruciya. Ita kuwa ta lura da abin da ya ɗaure mata kai: wannan amosani ba kasafai ake samunsa ba, kuma ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, to ta yaya zai cika 'yan unguwanni kaɗan? Ta riƙa rubuta ranaku da alamomi, tana ƙirga 'ya'yan maƙwabta masu irin ciwon. A shekarar 1975 ta kira ma'aikatar lafiya ta jihar, wata uwa mai suna Judith Mensch ita ma ta kai irin wannan ƙorafi.

Maganar ta isa hannun wani matashin likita a Jami'ar Yale, Allen Steere. Shi da abokan aikinsa suka gano mutum 51 masu wannan ciwo a garuruwan Lyme, Old Lyme da East Haddam: yara 39 da manya 12. Galibinsu ciwon ya fara musu ne a lokacin zafi da farkon kaka, suna zaune kusa da daji, wasu kuma sun tuna wani jan tabo da ya fito musu a fata kafin gaɓɓai su kumbura. Hankali ya karkata ga cizon kaska. A 1981 masani Willy Burgdorfer ya ga ƙwayar bakteriya mai siffar murɗaɗɗen zare a cikin kaska, aka buga sakamakon a 1982, daga baya aka sa wa ƙwayar sunansa: Borrelia burgdorferi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane likita ya ga yaro ɗaya na 'yan mintuna, Murray kuwa ta ga yara da yawa tsawon shekaru. Ba ta fi su ilimin likitanci ba, ta fi su tsayuwa a wurin da ake iya hango abin. Wannan shi ne tushen haƙƙin uwa a ɗakin likita: ita ta san yadda ɗanta yake tafiya kafin ya fara ɗingishi, ta san yawan abincin da yake ci kafin ya fara ture kwano. Likitan da ya yi watsi da wannan sani ya jefar da rabin hujjar da zai yi hukunci da ita. Sai dai akwai abin lura a halin Murray. Ba ta je ta ce ga sunan cutar, ga maganin da za a ba ni ba. Ta kawo abin da ta gani a rubuce, ta nace sai an bincika. Ta tsaya a matsayin mai shaida, ta kuma ƙi yarda a kore ta daga zauren.

Kafin a yi wa likitoci hukunci, ya kamata a san wahalar da ke gabansu. Ƙaramar kaskar da ta fi yaɗa cutar ba ta kai ƙwayar riɗi girma ba, cizonta ba ya zafi, kuma mutane da yawa ba sa ma sanin ta cije su. Yawanci sai ta manne fiye da kwana ɗaya kafin ta zuba ƙwayar cutar. Jan tabon da ke faɗaɗa, wani lokaci kamar zobe cikin zobe, yana fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 30, amma ga kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na masu cutar kaɗai. A jikin yara yakan ɓuya a bayan kunne ko cikin gashi, a baƙar fata kuma ya fi wuyar ganewa. Gwajin jini ba ƙwayar cutar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake nema, wanda ke ɗaukar makonni kafin ya bayyana. Saboda haka yaro na iya kamuwa gwaji ya nuna babu, yana kuma iya warkewa sarai gwaji ya ci gaba da nuna akwai har shekaru. Idan ba a yi magani ba, cutar na iya shanye ɓarin fuskar yaro, ta taɓa rufin ƙwaƙwalwa ko bugun zuciya, ko ta kumbura gwiwa bayan watanni. Idan kuwa an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10 zuwa mako uku kan wadatar, kuma mafi yawan yara na warkewa gaba ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana yi wa kimanin mutum 476,000 maganin cutar a kowace shekara a ƙasar.

To, ga uwa tsaye da takardar gwaji mai cewa babu, da kuma yaro mai cewa akwai. A nan ne wata yunwa ke kama ta, wadda nake kira yunwar suna. Sunan cuta yana yi wa mai jinya abu uku: yana wanke ta daga zargin ƙarya ko ruɗu, yana nuna mata hanyar da za ta bi, yana kuma haɗa ta da wasu masu irin ciwonta. Ciwon da ba shi da suna kaɗaici ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

An kuwa samu masu miƙa takobin. Gaskiya ne wasu mutane kan ci gaba da jin gajiya da ciwon jiki na watanni bayan an yi musu magani, kuma wahalarsu ba ƙirƙira ba ce. Amma a kan wannan gaskiya aka gina wata kasuwa da sunan "Lyme mai daɗewa", inda ake laƙaba cutar har ga waɗanda babu hujjar sun taɓa kamuwa da ita, ana amfani da gwaje-gwajen da ba a tantance ba, ana ɗura wa mutane magani ta jijiya watanni da shekaru. An gwada wannan hanya a bincike mai tsauri a Amurka, aka buga sakamakon a 2001, aka sake gwadawa a ƙasar Holan, aka buga a 2016. Duka biyun sun nuna cewa tsawaita maganin bai fi maganin da babu sinadari a cikinsa amfani ba. A 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta fitar da rahoton wasu marasa lafiya da irin wannan jinya ta jawo musu mummunar cuta, wasu ta robar da aka zura musu a jijiya, har da rasa rai. Wani haɗarin kuma shi ne sunan ƙarya yana rufe ƙofar bincike: ainihin ciwon, ko daji ne ko wani abu dabam, sai ya ci gaba da cin jiki ana can ana yaƙar abin da babu shi. Abin takaici, Steere, mutumin da ya saurari iyaye mata lokacin da wasu suka kau da kai, shi ne daga baya ya sha barazanar kisa domin ya ƙi amincewa da wannan doguwar jinya.

Wani zai ce: likitoci sun kauce kafin 1975, me zai hana su sake kaucewa yau? Tambaya ce mai nauyi, kuma ilimin likitanci bai taɓa zama ma'asumi ba. Amma mu duba abin da ya tabbatar da gaskiyar Murray. Tsananin ƙaunarta ga 'ya'yanta ya sa ta nace, nacinta ya buɗe ƙofa, amma ƙirga marasa lafiya, bin taswirar gidajensu da duban kaska a madubin bincike su suka yanke magana. Wannan ma'auni da ya ba ta gaskiya, shi ne ya auna doguwar jinya ya same ta ba nauyi. Ba adalci ba ne mu rungumi ma'auni ranar da ya rinjaya gare mu, mu karya shi ranar da ya rinjaya ga wani. Ƙauna tana ba uwa ikon cewa "ɗana yana ciwo", kuma babu likitan da ya isa ya ƙaryata ta. Ba ta ba ta ikon cewa "wannan ƙwayar ce sanadi", domin wannan magana ce da ake aunawa.

Duk da haka ba zan ɗora wa iyaye mafi yawan laifin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa a ɗakin likita na farko bangon ke tsagewa. Akwai tazara mai faɗi tsakanin "ban ga komai ba" da "babu komai". Ta farko gaskiya ce game da iyakar gwaji, ta biyu hukunci ne a kan hankalin uwa. Wadda aka gaya wa ta biyu takan fita da ciwo biyu, na ɗanta da na mutuncinta, kuma duk wanda ya fara ce mata "na yarda da ke" ya sami zuciyarta da aljihunta. Mai sayar da sunan ƙarya ba da ilimi yake cin kasuwa ba, da sauraro yake ci. Abin kunya ne a ce mayaudari ya fi mai gaskiya iya sauraro.

Za a iya kare likita da cewa lokacinsa kaɗan ne, marasa lafiya sun yi layi. Amma a wannan cuta sauraro shi ne rabin ganowa. Ƙa'idar masana ita ce, idan yaro ya fito da wannan tabo a yankin da cutar take, a fara magani ba sai an jira gwajin jini ba. Ke nan tambayoyi irin su ina yaron ya je wasa, yaushe ya shiga daji, ko an ga wani ja a fatarsa, sun fi takardar gwaji daraja a makonnin farko, kuma amsarsu tana bakin uwa.

Cutar Lyme ta ƙasashen arewacin duniya ce, Amurka da Turai da wasu sassan Asiya, amma tambayar da ta tayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wata 'yar'uwar ƙwayar, Borrelia crocidurae, tana nan a yankin Sahel, musamman Senegal, wata irin kaska ke yaɗa ta, tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda akan ɗauka maleriya ne. Mu ma muna da sunayenmu na gaggawa. "Maleriya da taifod" ta zama rigar da ake sa wa kowane zazzaɓi, uwa ta tafi gida da suna da ƙullin magani, ko da ba shi ne ciwon ba.

A duk wannan taƙaddama akwai mutum na uku da ake mantawa da shi, wato yaron. Idan likita ya yi sakaci, gwiwarsa ce ke kumbura. Idan uwa ta bi mayaudari, jijiyarsa ake hudawa. Shi ba ya neman a ce uwarsa ta yi nasara ko likita ya yi nasara, so yake ya koma filin wasa. Idan aka sa shi a tsakiya, haƙƙin kowa ya fito fili. Haƙƙin da ke kan uwa shi ne ta zama shaida ta gari: ta lura, ta rubuta, ta ɗauki hoton tabo kafin ya ɓace, ta nemi ganin likita na biyu idan ba ta gamsu ba, sannan ta iya jure amsar da ba ita take so ba. Haƙƙin da ke kan likita shi ne ya karɓi shaidarta a matsayin hujja, ya bayyana mata abin da gwaji ke iya nunawa da abin da ba ya iyawa, kada kuma ya sallame ta don takarda ta fito fari.

Akwai jimlar da nake ganin ta fi kowace wuya a bakin mai ilimi, ta kuma fi kowace amfani ga uwar da ke cikin duhu: "Na yarda yaronki yana ciwo, ban gano sanadin ba tukuna, ki dawo da shi nan da mako biyu mu sake dubawa." Babu sunan cuta a cikinta, amma akwai gaskiya, akwai girmamawa, akwai alƙawari. Uwar da aka yi wa wannan magana ba ta da dalilin zuwa neman suna a kasuwa, domin an riga an ba ta abin da take nema a ƙarƙashin sunan: wani mai sani wanda zai tsaya tare da ita har a gano.