Idan Mai Alkawari Ya Mutu, Wa Zai Cika?

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1923 ne ko kuwa 2023 ne, ba sai na tuna wa kowa ba, domin aljihu ya riga ya tuna mana: 2023 ce. Daga wannan shekara janareta ya fi ƙarfin talaka, wutar KEDCO kuwa sai ta ga dama. Saboda haka duk wanda ya zaga Daura ko Zango ko Sandamu zai ga farantan sola a bisa rufin gidaje da shaguna. Magidanci yakan sayar da sa, ko ya haɗa kuɗin adashi, ya saya. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne takardar garanti, wadda kan ce faranti zai yi shekara 25 yana ba da wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa.

To, ga tambayata. Idan kamfanin da ya rubuta wannan takarda ya karye, alkawarin yana wuyan wa?

Kada wani ya ce ina kiran ruwa ne babu hadari. Suntech na ƙasar Sin, wanda ya taɓa zama kan gaba a duniya wajen ƙera faranti, babbar masana'antarsa ta karye a 2013. SolarWorld na Jamus ya faɗi a 2017, aka tashe shi, ya sāke faɗuwa a 2018. SunPower, wanda ya yi suna wajen sa wa gidaje sola a Amurka, ya kai kansa kotu a 2024 a kan ya kāsa biyan bashi. A dokar Turawa kamfani mutum ne mai zaman kansa. Idan ya mutu, sai a sayar da kayansa, a fara sallamar bankunan da suka riƙe jingina, mai takardar garanti kuwa yana can ƙarshen layi. Masu hannun jari su kaɗe rigarsu su tafi, ba mai bin su gida.

Mu ba haka muka gāda ba. A wurinmu alkawari kaya ne, kuma bashi ba ya bin mamaci kabari. Sai an biya shi kafin a raba gādo. Ku dubi karar Mai'aduwa. Baƙo ya kawo shanu daga Nijar, mai saye bai san shi ba, amma ciniki yana faɗawa, domin dillali ya tsaya a tsakani. In sa ya fito na sata ne, ba a neman baƙo, dillali ake kamawa. La'adar da ya karɓa kuɗin fuskarsa ce. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu a kan bashi ya rataya ga lamunin masu gida. Watau kasuwarmu ba ta yarda da alkawarin da ba shi da fuska ba.

Na san za a ce mini mai shagon sola ba dillalin shanu ba ne. Ba shi ya ƙera ba, daga Kano ya saro, jarinsa duka bai kai kuɗin faranti ɗari ba, ina shi ina lamunin shekara 25? Wannan magana gaskiya ce, kuma ban ce a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Amma ita ce ma hujjata. Wanda ya san ba zai iya cika alkawari ba, kuma ya san mai alkawarin ya mutu, ba shi da ikon ya sa shi cikin ciniki. Idan ya ɗaga takarda ya ce wa mai saye, "Alhaji, ga garantin shekara 25," ya sayar da abu biyu ke nan, faranti da kwanciyar hankali, alhali ɗaya kaɗai ke hannunsa. Kuɗin na biyun ba nasa ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Ban ce a zubar da irin waɗannan kaya ba. Faranti ba ya da wani abu mai juyi a ciki, kuma mutuwar kamfani ba ta rage masa ƙarfi. Sau da yawa batir da inbata ne ke riga shi lalacewa. Abin da nake nema uku ne. Mai shago ya faɗi cewa kamfanin ya rufe. Ya rage kuɗi gwargwadon garantin da babu. Sa'an nan ya ɗauki nasa alkawarin, ko da na shekara ɗaya ne, ya rubuta da sunansa a gaban shaidu. A ganina shekara ɗaya daga bakin mutumin da za a tarar a shagonsa gobe ta fi 25 daga kamfanin da babu mai amsa wasiƙarsa.

Mai saye ma yana da nasa. Araha ba ta ado. Kafin ya taya, ya tambaya: "In ya lalace, wa zan kama?" In aka nuna masa takarda ba a nuna masa mutum ba, to, ya san abin da ya saya.

Mu kuma masu karatun Hausa, kada mu yarda a fassara garanti da alkawari ko lamuni sai an ga wanda ya tsaya. Waɗannan kalmomi suna da nauyi, kuma mu ne masu tsaronsu.