KWASTAM SUN YARDA, TO SHARI'A FA?



Jiya bayan La'asar wani matashi mai harkar injinan ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure ya same ni. Zai je Dubai sayo kayan gyara, sai maigidansa, wanda ba Musulmi ba ne, ya ce ya taho masa da kwalbar giya daga shagon filin jirgi. "Malam, ai ba ni zan sha ba, kuma kwalba ɗaya kwastam ba sa hanawa. In na ƙi, aikina fa?"

Na ce masa adadin da kwastam suka ƙyale maganar haraji ce, ba fatawa ba. Hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai ɗaukarta da wanda aka kai wa. Jakarka ce za ta ɗauko ta har filin jirgin Malam Aminu Kano.

Amma harajin kashi 5 da Dubai ke mayar wa baƙi a kan tsarabar halal, karɓi abinka, kuɗinka ne. Kuma in ka sauka, kada ka ɓoye wa kwastam kaya.

Maigida kuwa, ka faɗa masa tun kafin tafiya, cikin ladabi: addinina ya hana. Ka riƙo masa turare ko dabino. In ya fusata, Mai ba da ruwan Tiga Shi ne Mai ciyar da kai.

Wallahu a'alam.