Wayar da Ba a Gani

Ƴan uwa ɗalibai, ga tambaya: aikin da ido ba zai gani ba, dole ne a kyautata shi?

A gasar FIRST Global, wadda aka fara a Washinton a 2017, ɗalibai daga ƙasashe sama da 150 kan haɗa robo su fafata. Ƴan kallo motsi suke tafa wa, ba ruwansu da wayoyin da ke ciki. Shi ya sa wani zai ce: tunda yana tafiya, a cusa su kawai a rufe mana, lokaci ya ƙure.

Amsar farko ta masu sana'a ce. Robo yana girgiza. Wayar da ba a ɗaure ba takan gogi bakin ƙarfe, bawonta ya kwaye, ja ta taɓa baƙa, batir ya yi zafi, komai ya tsaya cak ana tsakar wasa. Gaskiya ne. Amma wannan tsoron asara ne kawai. In da tabbas ba zai lalace ba fa?

Ni da nake karatun harshe, ga yadda nake kallonta. Babu abin da ya sa ja ta zama (+), baƙa ta zama (−), in ban da yarjejeniya, kamar yadda muka yarda mu ce wa ruwa “ruwa”. Ke nan launin waya magana ce. Wanda ya sa ja a gurbin baƙa don ita ce kusa da hannunsa, ƙarya ya shara wa wanda zai buɗe bayansa, ko da injin na aiki lafiya lau.

Mu duba gida. Mutanen Baroua sun bar garinsu a 2015 saboda Boko Haram, sai a Yunin 2021 suka fara komawa. Mu a nan mun san mutum kan tashi ba shiri, wani ya gaji abin da ya bari. Haka a gonakin tattasai na bakin Komadugu: wanda ya haɗa sola da injin ban ruwa yana iya yin nisa, gyara ya faɗo kan yaron da bai taɓa ganinsa ba. Wayoyin nan su ne kaɗai wasiƙar da aka bar masa.

Don haka na ce dole ne. Ka ɗaure wayarka, ka bi launi, ka rubuta suna a bakinta biyu. Alƙalan gasa ba lalle su duba ba, amma akwai mai zuwa, kuma amanarsa tana wuyanka tun yau.