Harshen Gandiroba da Mabuɗinsa

Jama'a, akwai tambayar da ta cancanci mu zauna mu auna: shin wanda ya cuce mu, in ya shiga hannu, yana da hakkin a yi masa magana da mutunci?

A wurinmu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tambayar tana da nauyi. Ba mu manta da daren da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ba, ga kuma gonakin da muka bari saboda 'yan bindiga. Don haka in muka ji ana koya wa gandirobobi sauraron ɗaurarru da sasanta rikici da baki, zuciya takan ce: waɗannan bulala ce ta dace da su.

Amma mu yi hankali. Kusan kashi 2 cikin 3 na mazauna gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. Wanda aka yanke wa hukunci kuwa, ɗauri alƙali ya rubuta masa. Zagi da wulaƙanci ƙari ne da ba shi da izini.

Doka ma ta gane haka. A 2019 aka sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, masu sunan Nelson Mandela, sun nemi a horar da ma'aikata kan sulhu da shiga tsakani, a bar ƙarfi sai in ya zama tilas. Shi Mandela, wanda ya yi shekara 27 a ɗaure, ya koyi harshen masu tsaronsa don su fahimci juna.

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Mutumin da ya daɗe bai ji labarin shari'arsa ba, tsawa ɗaya ta isa ta tunzura shi. Gandiroban da ya san sunansa, ya saurari kukansa, ya gaya masa gaskiya ko da ba ta da daɗi, yakan hango fitina tun tana hayaƙi. Ta haka yake tsare ransa da na abokan aikinsa.

Yawancin ɗaurarrun nan wata rana za su fito, mu haɗu da su a kasuwa da bakin rijiya. Irin maganar da suka saba ji a ciki, da ita za su dawo mana. Saboda haka kada mu raina ma'aikacin da ya tausasa harshe, mu ce masa rago. Mu yi masa addu'a, mu kuma duba yadda mu kanmu muke magana da wanda ya ɓata mana.